TARIHIN RARRABE KIFAYE DA RAƊA MUSU SUNA: DAGA GINDIN TEKU ZUWA KOGIN KADUNA



Na tabbata da yawa daga cikinku sun yi mamaki da suka ga kan maganar yau. An saba a irin wannan zaure a ji tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe da kafuwar birane, sai ga shi an zo da zancen kifi. To, ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Mutumin da ya tsaya a Lambun Gamji, kusa da tsohuwar gadar nan ta ƙarfe da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, ya dubi Kogin Kaduna, ba abin da zai gani sai ruwa da duwatsu, wataƙila da masunci ɗaya ko biyu cikin kwalekwale suna jefa birgi. In ya tambayi masuncin abin da ya kama, sunaye zai ji: wannan ƙurungu ne, waccan karfasa, ga kuma tarwaɗa. In ya shiga ofis ya buɗe takardar lissafi, sau da yawa abin da zai tarar shi ne "kifi, kilo kaza". In kuma ya wuce ɗakin karatu, sai ya ci karo da wasu sunaye na Latin masu wuyar faɗi. Abin da nake so in nuna yau shi ne, tazarar da ke tsakanin waɗannan sunaye iri uku tana da tarihi, kuma tana da hatsari, domin hukumar da ba ta san sunan abu ba, ba za ta san ranar da ya ƙare ba.

Domin maganar ta fito sarai, zan fara kai ku wuri mai nisa, inda kusan babu masuncin da ya riga masana ganin kifin. Daga can za mu dawo gida.

KIFIN GINDIN TEKU

A cikin manyan tekunan duniya, inda tudun ƙasa yake gangarawa zuwa zurfi, akwai wani dangin kifi da masana suke kira Macrouridae. Turawan Ingila suna ce masa giranadiya, watau sojan gurneti, wasu kuma su ce masa wutsiyar ɓera, kuma wannan suna na biyu shi ya fi dacewa da kamanninsa. Kai ne ƙato da manyan idanu, sa'an nan jiki ya yi ta sirancewa har ya ƙare da tsini, babu faffaɗar wutsiya irin ta sauran kifaye. Galibinsu suna da ɗan gemu guda a haɓa. Wasu suna da wani ɗan gurbi a ciki mai ba da haske, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a wurin suke kunnawa. Nau'o'insu sun haura 300, suna zaune daga zurfin mita 200 har zuwa mita 6,000 da ɗoriya, cikin duhu da sanyi da nauyin ruwa wanda zai murƙushe ɗan Adam. Ana samun su a kusan kowane teku, har da gangaren da ke gaban gaɓar Nijeriya, can bayan inda jiragen masuntan Legas suke tsayawa.

In ban da 'yan kaɗan da masuntan Norwe suke cin karo da su a lungunan tekunsu masu zurfi, mutane ba su san da waɗannan kifaye ba. Wani malamin coci na birnin Trondheim, Johan Gunnerus, shi ya bayyana ɗaya daga cikinsu a 1765, ya sa masa suna Coryphaenoides rupestris. Duk da haka, a 1843 wani masani Bature, Edward Forbes, ya yi hasashen cewa daga zurfin kamar mita 550 zuwa ƙasa babu rai sam. Abin da ya binne wannan ra'ayi shi ne tafiyar jirgin binciken Ingila mai suna Challenger, wanda ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876 yana jan taru a gindin teku. Kifayen da ya kwaso aka danƙa wa Albert Günther, shugaban sashen dabbobi na Gidan Tarihi na Biritaniya a Landan, wanda ya fitar da rahotonsa a 1887. Ku riƙe sunan mutumin nan, za mu sake gamuwa da shi.

Yaya ake bambanta nau'i 300 da suka yi kama da juna kamar an tsaga kara? Da ƙidaya ake yi, da awo. A ƙirga 'yan ƙasusuwan da ke tallafe da fatar maƙogwaro, shida ne ko bakwai. A ƙirga tsinkayen fiffiken ciki. A duba siffar hanci, da jerin haƙora, da irin ƙayoyin da ke kan ɓamɓaroki, da inda gurbin haske yake. Aiki ne na haƙuri, kuma wanda bai san amfaninsa ba zai ce ɓata lokaci ne.

Ga amfaninsa. A 1967 manyan jiragen Tarayyar Sobiyet suka fara kamun kifin nan na Gunnerus gadan-gadan a gabashin Kanada, har a 1971 abin da aka kama ya haura tan 80,000. Ba a yi la'akari da cewa kifi ne mai jinkirin girma ba, wanda sai ya kai kamar shekara 10 kafin ya fara haihuwa, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 50. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2006 ya nuna cewa tsakanin 1978 da 2003 yawansa a wannan yanki ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalina kuwa shi ne, a shekarun 1990 an gano cewa wasu jirage suna kama wani ɗan'uwansa, Macrourus berglax, amma suna rubuta shi da sunan na farko. Watau takarda tana nuna kifi yana nan, alhali ruwa ya kusan zama wayam daga gare shi. Sai da masana suka koma suka gyara lissafin shekarun baya.

YADDA AKA RAƊA WA KIFAYENMU SUNA A MASAR

Mu dawo gida. Namu al'amarin ya sha bamban, domin kifayen Kwara da Binuwai da Kaduna sun daɗe da sunaye a bakin Nufawa da Kabawa da Sarkawa da Gwari da Jukun tun kafin wani Bature ya gan su. Amma sunan da duniya ta yarda da shi a rubuce ya samo asali daga tsarin da Carl Linnaeus, mutumin Siwidin, ya kafa, wanda ake lissafin farawarsa ga dabbobi daga bugu na 10 na littafinsa a 1758. A tsarin nan kowace halitta tana da suna biyu. Na farko kamar sunan gida ne, wanda take tarayya da 'yan'uwanta na kusa. Na biyu kamar sunan yanka ne, nata ita kaɗai. Akwai kuma ƙa'ida cewa wanda ya fara bayyana nau'i a rubuce, sunan da ya sa shi ne zai tsaya, kuma sai an ajiye kifin da aka yi bayanin a kansa cikin kwalba, domin ya zama shaida ga na baya. Wannan shi zan riƙa kira kifin shaida.

Duk ɗalibin da ya duba jerin kifayenmu zai lura da kalma ɗaya tana ta maimaituwa. Giwan ruwa Lates niloticus ne, bargi Heterotis niloticus, yauni Gymnarchus niloticus, babbar karfasa Oreochromis niloticus. Ma'anar kalmar ita ce "na Kogin Nilu". Dalili kuwa Turawa sun isa Masar tun kafin su san inda Kwara take zuba. Wani almajirin Linnaeus, Fredrik Hasselquist, ya yi yawon bincike a Masar wajen 1750, sa'an nan da Napoleon ya kai yaƙi ƙasar a 1798 ya tafi da ayarin masana, cikinsu har da Geoffroy Saint-Hilaire, wanda ya bayyana gartsa a 1802. Haka gaiwa, daga Kogin Gambiya aka kai ta Landan, Richard Owen ya bayyana ta a 1839, aka yi ta gardama a kan ko kifi ce ko dangin kwaɗo, saboda tana da huhu. Ashe ke nan kifin da ake soyawa a Kawo da Unguwar Rimi, an yi masa suna a ƙasashen da masuncinmu bai taɓa takawa ba.

Sai a ƙarshen ƙarni na 19 kwalabe suka fara isa Landan da yawa daga ƙasar nan, suka sauka a ɗakin Günther, mutumin da na ce ku riƙe sunansa. Teburin da aka auna giranadiya, a kansa aka auna ƙurungu, da ma'auni iri ɗaya. Günther ya jawo wani matashi ɗan Beljiyam, George Boulenger, wanda ya zama uban wannan fanni ga Afirka baki ɗaya. Shi kaɗai ya bayyana nau'in kifi fiye da 1,000, kuma tsakanin 1909 da 1916 ya fitar da kundi mai juzu'i huɗu na kifayen ruwan daɗi na Afirka. Daga ɗakinsa na Landan ya yi mafi yawan wannan aiki. Wasu ne suke shiga fadama su aiko masa.

Waɗanda suka shiga fadamar sun biya da tsada. John Samuel Budgett, matashi daga Jami'ar Kambirij, ya yi tafiya huɗu zuwa Afirka yana neman ganin yadda ƙwan gartsa yake zama kifi, domin masana na lokacin suna zaton a nan za a gane dangantakar kifaye da dabbobin tudu. Ya gwada Gambiya sau biyu, ya gwada Yuganda, bai dace ba. A 1903 ya zo Kwara, ya hau har Lakwaja, daga bisani ya cim ma burinsa a yankin bakin kogi. Ya koma Ingila da zazzaɓi a jikinsa, ya rasu a watan Janairu na 1904, yana da shekara 31. A cikin wannan shekara ayarin Boyd Alexander ya tashi daga Lakwaja da jiragen ƙarfe, ya bi Binuwai da Gongola da Yobe zuwa Tafkin Cadi, da nufin isa Nilu. Ƙanen shugaban tafiyar ya rasu a Barno, Kyaftin Gosling kuma, wanda shi ne mai tara kifi, ya rasu a Kwango a 1906. Amma kwalabensa sun isa Landan, kuma da Boulenger ya buɗe su sai ya tarar kifayen Cadi kusan duk sanannu ne: su ne na Nilu, su ne na Kwara.

DON ME KIFIN KADUNA YA ZAMA ƊAYA DA NA NILU?

Wannan tambaya tana da daɗi, domin kifin ruwan daɗi ba ya tafiya a tudu, ba ya kuma jure gishirin teku. Ku dubi taswira. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, kusa da Vom, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550, ya ratsa wannan birni, ya wuce Shiroro da Zungeru da Wushishi, ya faɗa Kwara daura da Pategi, daga nan sai Tekun Atlantika. Galma ta Zariya a cikinsa take zuba. Amma matafiyin da ya bar Zariya ya nufi Kano, kafin ya isa zai tsallake wani tudu da ba zai ma lura da shi ba, wanda daga bayansa ruwan sama ba ya komawa teku. Challawa da Kogin Kano suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, su nufi Yobe, su ƙare a Cadi. Ga ruwa biyu da ba sa gamuwa, ga kifi iri ɗaya.

Amsar tana cikin tsohon tarihin yanayi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce. Tafkin Cadi na wancan zamani ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, kuma in ya cika yana tumbatsa ta Mayo Kebbi zuwa Binuwai. Har yanzu in damina ta yi ƙarfi ruwan Logone yakan malala ta wannan hanya. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, inda yau ba ko ciyawa, masu tonon tarihi sun sami ƙasusuwan manyan giwan ruwa tare da māsun su na ƙashi. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a ƙasar Yobe a 1987, mai shekara kimanin 8,000, shi ma shaida ne na wancan zamani na yalwar ruwa. Saboda haka masana suke ɗaukar koguna daga Sanagal har zuwa Nilu a matsayin yanki guda na kifaye. Duk da haka akwai 'yan ƙanana da aka fara ganowa a nan gida, kamar wani ɗan kifin kududdufi da aka bayyana a 1928 daga rafin Kiyawa na ƙasar Katagum, wanda har yau sunan yankansa kiyawensis ne.

LITTAFIN 1967

Kaduna gari ne da aka kafa domin mulki. A 1917 aka mai da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru, daga gaɓar kogin zuwa wata gaɓar tasa, kuma mafi shaharar bayani a kan sunan garin shi ne jam'in kada. Amma Turawan mulki gyaɗa da auduga da fatu ne a gabansu. Tsirrai sun sami ƙamus na Hausa tun 1916 daga hannun Dalziel, kuma Bargery ya tattara sunayen kifaye da dama cikin ƙamusunsa na 1934, amma binciken farko na hukuma a kan su a kogunan Nijeriya, na J. B. Welman, sai a 1948 ya fito. Faransawa sun riga mu: Jacques Daget ya buga littafin kifayen Kwara ta sama a 1954, Blache kuma na Cadi a 1964.

A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa, daga nan Kaduna, ta fitar da littafi mai suna Fish and Fisheries of Northern Nigeria, wanda kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga. Mutum biyar ne suka rubuta shi: William Reed, John Burchard, A. J. Hopson, Jonathan Jenness da Malam Ibrahim Yaro. A ganina wannan littafi yana cikin ayyuka mafi daraja da tsohuwar gwamnatin Arewa ta bari, ko da yake ba a ambatonsa in ana lissafin masaƙu da bankuna. Ya kawo zanen kifaye, da hanyar gane su mataki mataki, da bayanin kayan su, ta yadda ƙaramin ma'aikaci a bakin kogi zai iya riƙe kifi a hannu ɗaya, littafi a ɗaya. Ku lura kuma da lokacin fitowarsa. A watan Mayu na wannan shekara aka raba Arewa jihohi shida, ma'aikatar da ta buga shi ta watse. A 1968 aka toshe Kwara a Kainji. Ke nan littafin ya zama hoton ƙarshe na kogunanmu kafin zamanin madatsu. Aikin daga nan ya koma cibiyar bincike ta Sabuwar Bussa, inda a 1998 Olaosebikan da Raji suka fitar da sabon jagora.

SANIN MASUNCI DA SANIN MALAMI

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne gizo yake saƙa. Akwai masu ganin sunan Latin shi ne ilmi, na masunci kuwa al'ada ce kawai. Akwai kuma masu cewa kakanninmu sun san kome, Bature kwafa ya yi. Duka biyun ban yarda da su ba.

Ɗauki gaiwa. Bahaushe ya daɗe yana cewa jikinta take ci. Da masana suka bincika, sai suka tarar lalle in ta shige laka da rani ta lulluɓe kanta da majina, da naman jikinta take rayuwa har ruwa ya dawo. A nan masunci ya riga malami. Haka kuma shi ya san watan da kowane kifi yake hawa fadama domin zuba ƙwai, da ramin da giwan ruwa yake fakewa, abin da ba a gani a cikin kwalba.

Amma ɗauki ƙurungu. A kasuwa suna ɗaya ne, ko da yake tsofaffin masunta suna da ƙarin laƙabi ga wasu. A wurin masana gida ne guda, Synodontis, wanda a Kwara da rassanta kaɗai yana da nau'i fiye da 10. Ana bambanta su da yawan haƙoran leɓen ƙasa, da rassan gashin baki, da siffar ƙashin kafaɗa, da zanen fata. Akwai wanda yake iyo a rigingine yana kiwo a saman ruwa, har cikinsa ya fi bayansa duhu. Akwai mai tonon laka. Akwai mai cin dodon koɗi. Canjin da zai kashe wannan yana iya yi wa wancan daɗi, kuma in duk an rubuta su "ƙurungu" ba wanda zai farga.

Su ma masanan suna kuskure, suna gyarawa. Waɗanda suka yi karatu a Samaru a shekarun 1970 sun haddace cewa tarwaɗa Clarias lazera ce. A farkon shekarun 1980 Guy Teugels ya auna ɗaruruwan kifaye daga sassan Afirka, ya nuna cewa ita ce dai wadda Burchell ya bayyana a Afirka ta Kudu tun 1822, saboda haka tsohon suna, Clarias gariepinus, ya kori sabo. Tana kuma da 'yar'uwa a ruwanmu, Clarias anguillaris, wadda ido ba ya raba su; sai an ɗaga murfin kumatu an ƙirga 'yan tsinkayen da ke jere kamar haƙoran matsefi a kan ƙashin matatar numfashi. Na gariepinus sun fi yawa, suna iya haura 100 a babbar tarwaɗa, na 'yar'uwar kuwa ba su cika wuce 50 ba. Daidai irin ƙidayar da ake yi wa giranadiya. Yau da kiwon tarwaɗa ya cika bayan gidaje, ana kuma haɗa ta aure da ramboshi domin samun mai saurin girma, duk ambaliyar da ta shafe tafkunan kiwo tana iya zuba wannan ruwa-biyu cikin kogi, aikin rarrabewa ya ƙara wuya.

Karfasa ma haka. Dā duk Tilapia ake ce musu. Ethelwynn Trewavas, wata baiwar Allah da ta ƙare rayuwarta a gidan tarihin nan na Landan, ta fitar da babban littafinta a 1983 tana da shekara 83, inda ta raba su bisa yadda suke renon 'ya'ya. Wadda uwa kaɗai take ɗaukar ƙwai a baki ta zama Oreochromis. Wadda uba yake ɗauka, ko uwa da uba tare, ta zama Sarotherodon. Masu gadin ƙwai a gurbi suka riƙe tsohon suna, har 2013 da aka mai da wasunsu gidan Coptodon. Wannan bambanci ya shafi aljihu, domin mai kiwon da ya zuba wadda ba ta dace ba a tafkinsa zai ciyar wata shida ya kwashi 'yan firit.

Labarin da ya fi faranta mini rai shi ne na minjirya, kifin nan mai jan mutum da lantarki, wanda ƙarfinsa yakan kai bolt 350. Tun 1789 aka ba ta suna Malapterurus electricus, aka daɗe ana ɗauka ita kaɗai ce a duk yankinmu. A 1987 wani masani ɗan Nijeriya da ya yi aiki a cibiyar Kainji, V. O. Sagua, ya nuna cewa akwai nau'i na biyu a tafkin, ya raɗa masa suna Malapterurus minjiriya. Kalmar masuncin Hausa ta shiga kundin duniya, kuma bisa ƙa'idar da na ambata, ba mai iya cire ta muddin nau'in ya tabbata. Da aka sake nazarin dangin a 2002, sai ga nau'i kusan 20 a Afirka, na Sagua kuma yana cikin waɗanda suka tsaya.

KOGIN DA YA CANJA

Kainji ta koya mana abin da madatsa take yi. Bayan cikar tafkin, dangin miligi, masu dogon baki da suke kiwo a gindin ruwa mai gudu, sun ragu ƙwarai. Falia ta yi yawa na 'yan shekaru sa'an nan ta ja baya. Karfasa ta bunƙasa. An san haka ne kawai domin an ƙirga kifayen nau'i nau'i kafin a toshe kogin da kuma bayan an toshe.

Kogin Kaduna yanzu yana da manyan madatsu biyu tsakanin wannan birni da Kwara: Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, mai bango fiye da mita 100, da ta Zungeru da aka kammala a 2023. Kifin da dā yake hawowa daga ƙasar Nufe da farkon damina ba shi da hanya. Ga dattin masaƙun Kakuri da ya yi shekaru yana gangarowa tun daga 1957, ko da yake mafi yawansu sun rufe. Ga na magudanun gari da bai tsaya ba. Ga masu zuba maganin ƙwari a ruwa a madadin magimfar dā. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana guba da nakiya da lantarki, kuma jihohi suna da ƙa'idar girman idon taru. Sai dai ƙa'idar idon taru ba ta aiki in ba a san nau'i ba. Akwai kifin da ya gama girma bai wuce tsawon yatsa ba, kama shi ba laifi; akwai kuma ɗan giwan ruwa mai wannan tsawo, wanda in an bar shi zai iya kai nauyin babban mutum. A faranti ɗaya ake sayar da su, da suna ɗaya.

Saboda haka ina da roƙo ga ma'aikatan da ke nan: takardar lissafin kamu ta sami gurbin suna, na Hausa da na Latin gefe da gefe, a kuma nemi Sarkin Ruwa na kowane masauki ya zauna tare da mai rubutu. Ga ɗalibai kuwa, aikin bai fi ƙarfinku ba. A sami kifi sabon kamu daga bakin kogi, a Kabala ko Malali ko Rafin Guza, a ɗauki hotonsa kafin launinsa ya dushe, a auna shi, a yanki ɗan fiffike a sa cikin sifirit domin binciken ƙwayar gado, sa'an nan a ajiye sauran a kwalba. A cikin kwalbar a sa 'yar takarda da aka rubuta da fensir, domin tawada tana narkewa: wuri, da rana, da irin kayan da aka kama shi da su, da sunan da masuncin ya kira shi, da harshen da ya faɗa. Irin wannan 'yar takarda ce take tare da ƙurungun da Budgett ya ɗauka a Lakwaja, wanda Boulenger ya raɗa wa Synodontis budgetti a 1911, kuma duk mai shakkar ko ƙurungun da ya kama shi ne, har yau da wannan kifin shaida da ke Landan ake gwadawa.